A'isha Falatiya: 'Yar Hausawan da ta buɗe wa mata Rediyon Omdurman

Mu ma'aikatan rediyo bashi ne a kanmu mu tuna da marigayiya A'isha Musa Ahmad, wadda Sudan ta sani da A'isha Falatiya. 'Yar malami ce, ta tashi a Omdurman. Mahaifinta ya aurar da ita don ta bar waƙa. Auren ya mutu, waƙar ba ta mutu ba.

A farkon shekarun 1940 ta zama macen farko da ta rera waƙa a Rediyon Omdurman, 'yar'uwarta Jidawiya na kaɗa mata udu. Bayanta ne Sharhabil Ahmad ya shahara a Khartoum da jita mai lantarki da jitar bes, har matarsa Zakiya ta riƙi jita a ƙungiyarsa.

Ta rasu a 1974. Allah ya jiƙanta.