Jean Mermoz da abokan tafiyarsa

Duk ma'aikacinmu da aiki ya taɓa kai shi Dakar daga nan Yamai ya ji sunan unguwar Mermoz. Mai sunan Bafaranshe ne, matuƙin jirgin sama. An haife shi ran 9 ga watan Disamba 1901 a garin Aubenton. Ya koyi tuƙi cikin soja, ya yi aiki a ƙasar Siriya, sa'an nan a 1924 ya shiga kamfanin Latécoère mai jigilar wasiƙu ta sama. Shugaban matuƙa, Didier Daurat, bai ba shi jirgi nan take ba, sai ya tura shi wurin kanikawa ya wanke inji, hannunsa ya yi baƙi da mai. A 1926, bisa hanyar Kasablanka zuwa Dakar, injinsa ya mutu cikin Sahara, Larabawan hamada suka kama shi, sai da aka biya fansa.

Littattafan Turawa sun cika yabonsa shi kaɗai, kamar madugu ne ke kai ayari Bilma ba tare da kowa ba. A ganina, duk ranar da ya tsira akwai hannun wani a ciki.

A watan Maris 1929 yana neman mashiga tsakanin duwatsun Andes a ƙasar Cili, shi da bakanikensa Alexandre Collenot. Iska ta danne jirgin, ta yar da shi bisa wani tudu mai tsawon wajen mita 4.000. Ƙafafun jirgin suka lalace, sanyi ya fasa bututun ruwan inji. Babu mai zuwa ceto. Collenot ya duƙufa kusan kwana uku da yatsu a sandare, yana ɗauri da waya, yana toshe ɓula da tsummoki da guntayen tufafinsu. Da ya gama, suka tura jirgin su biyu zuwa kan gangara. Daga nan aiki ya koma hannun Mermoz: ya sako jirgin, ya tsallake ramuka da shi har ya kama iska, suka koma garin Copiapó.

Ran 12 ga watan Mayu 1930 ya tashi daga Saint-Louis ta Senegal cikin jirgi mai sauka bisa ruwa, inji ɗaya tak, da wasiƙu kilo 130. Jean Dabry ke lissafin hanya, Léopold Gimié ke riƙe da wayar iska. Bayan awa 21 suka sauka Natal ta ƙasar Barazil. Wannan ne karo na farko da wasiƙu suka ƙetare kudancin tekun Atlantika ta sama ba tare da yada zango ba. Komowar ce ta fi ba da labari. Cikin watan Yuli, suna tsakiyar teku, mai ya soma tsiyaya daga inji. Mutum uku, kowa ya tsaya ga nasa: Dabry ya ƙididdige inda suke, Gimié ya yi ta kiran jirgin ruwan kamfani mai suna Phocée, Mermoz kuwa ya haƙura da isa gaci, ya sauka kusa da jirgin ruwan tun injin bai ƙone ba. Aka kwashe mutane da wasiƙu, jirgin ya nutse. A 1933 ma, cikin jirgin Arc-en-Ciel mai inji uku, ɗaya ya tsaya bisa hanyar komowa, suka lallaɓa da biyu har Dakar, Collenot na ciki.

Collenot ya ɓace a teku cikin watan Fabrairu 1936, a wani jirgin da ba Mermoz ke tuƙa shi ba.

Da asubahin 7 ga watan Disamba na wannan shekara, Mermoz, wanda a lokacin babban sufeto ne a kamfanin Air France, ya tashi daga Dakar cikin Croix-du-Sud mai inji huɗu. Tare da shi akwai mataimakinsa Alexandre Pichodou, da mai lissafin hanya Henri Ezan, da mai wayar iska Edgar Cruveilher, da bakanike Jean Lavidalie. Ba su yi nisa ba injin baya na dama ya nuna ciwo, suka juyo Dakar. Wannan shawara daidai take. Ya nemi wani jirgi, babu. Aka yi gyaran gaggawa, suka sake tashi don kada wasiƙu su makara. A yau, tun bayan haɗurran ƙarshen shekarun 1970, ana horar da ma'aikatan jirgi cewa ƙarami ya faɗi shakkarsa gaban babba, babba kuma ya saurara. A zamanin Mermoz maganar kwamanda ita ce ta ƙarshe, kuma wane ƙaramin ma'aikaci ne zai ja da mai irin sunansa?

Da ƙarfe 10 da minti 47 Cruveilher ya aiko da saƙo cewa za su kashe wannan injin na baya, sai saƙon ya yanke. Masana na zaton farfela ce ta ɓalle ta sare jikin jirgin. Jiragen ruwa da na sama sun yi kwanaki suna nema, ba a ga ko guntun katako ba. Saura kwana biyu Mermoz ya cika shekara 35.