Saint-Georges: Ɗan baiwar da ya gagari Turawa a goge da takobi, amma launin fata ya hana shi kujera

Idan aka shirya babban taron kiɗan gargajiyar Turawa a Paris ko Landan, tsarin kusan ɗaya ne. Makaɗa 60 ko fiye za su zauna a jere, sai gwani ɗaya ya fito gaba da gogensa, yana ja suna amsa masa. Kiɗe-kiɗen da aka fi yi a irin wannan taro na su Mozart da Beethoven da Mendelssohn da Brahms ne, dukkansu Turawa.

Amma shekara 250 da suka wuce, gwanin da ke tsayawa a gaban mafi shaharar ƙungiyar makaɗa a Paris baƙar fata ne, kuma mahaifiyarsa baiwa ce. Sunansa Joseph Bologne, wanda duniya ta fi sani da Chevalier de Saint-Georges. Faransawa sun tafa masa har hannunsu ya gaji, amma duk lokacin da ya kusa matsayin da zai ba su umarni, sai a tuna masa ɗan wace ce shi.

Haihuwa a gonar rake

An haife shi ranar 25 ga Disambar 1745 a Guadeloupe, wani tsibiri a yankin Karebiyan da Faransa ke mulka. Arzikin tsibirin rake ne, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ne ke noma shi. Mahaifinsa, Georges de Bologne, Bafaranshe ne mai gonaki da bayi. Mahaifiyarsa Anne, wadda ake kira Nanon, yarinya ce baiwa da ke aiki a gidan.

A masarautun ƙasar Hausa ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, yana cin gado, kuma an sha naɗa irinsa sarki. A yankunan Faransa abin ba haka yake ba. Dokar bayi ta 1685, wadda ake kira Code Noir, ta tanadi cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa. Ke nan a idon doka, yaron ba shi da hakkin gadon dukiya ko muƙamin ubansa.

Sai dai uban bai yar da shi ba. Ya amince ɗansa ne, ya bar shi ya ɗauki sunan gidan, kuma a 1753, yana ɗan shekara 7, ya kai shi Faransa karatu. Bayan shekara biyu aka kawo Nanon ita ma, suka zauna a Paris.

Takobi ne ya fara fito da shi

Yana ɗan shekara 13 aka saka shi a makarantar wani malamin wasan takobi mai suna La Boëssière. A wancan zamani iya takobi shi ne ma'aunin ɗan babban gida a Faransa. Kafin ya cika shekara 20 ya fi ƙarfin manyan da suka daɗe a fagen.

Wani malamin takobi daga birnin Rouen, Alexandre Picard, ya riƙa yi masa gori a bainar jama'a saboda launin fatarsa. Aka haɗa su karawa a gaban ɗimbin 'yan kallo, matashin ya yi nasara. Da ya kammala makaranta aka ɗauke shi cikin dakarun da ke tsaron sarki, ya samu laƙabin Chevalier, wato kamar a ce barde.

Ba takobi kaɗai ba. Ya ƙware a hawan doki da harbi da iyo da rawa. John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu, ya rubuta a littafinsa na yau da kullum a 1779 cewa a hawan doki da harbi da wasan takobi da rawa da kuma kiɗa babu kamarsa a Turai.

Gogen Turawa da namu

Mutumin Ƙaraye ko Rogo da ya taɓa tsayawa kusa da mai goge ba zai rasa gane gogen Turawa ba, domin dangi ne. Namu ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, da tsirkiya ɗaya ta izgar doki. Nasu da katako ake sassaƙa shi, tsirkiyarsa huɗu, kuma a ƙarƙashin haɓa ake tokare shi. Amma ɗan bakan da ake gogawa duka da izgar doki ake yin sa, kuma duka sai an shafa masa ƙaro kafin ya ba da amo.

Babban bambancin shi ne Turawa rubuta kiɗansu suke yi a takarda, kowane makaɗi da nasa kason. Wannan ne ya sa mutum 70 za su iya kaɗawa tare ba tare da wani ya taka wani ba. Kiɗan da ƙungiya ke yi gaba ɗayanta shi ake kira simfoni. Wanda kuma gwani ɗaya ke fitowa gaba ana ba-ni-in-ba-ka tsakaninsa da sauran, shi ne konceto.

A wannan fage na biyu Saint-Georges ya yi suna. A 1769 ya shiga ƙungiyar Concert des Amateurs, wadda mawallafin kiɗa François-Joseph Gossec ya kafa. A 1772 ya fito gaba a matsayin gwani, ya kaɗa konceto guda biyu da shi kansa ya rubuta. Mutanen da suka san shi da takobi suka sha mamaki. Kiɗan nasa na buƙatar yatsu masu sauri, yana hawa can ƙololuwar murya inda makaɗa da yawa ke tsoron zuwa, sannan ya sauko da taushi.

A 1773 Gossec ya koma wata ƙungiyar, aka miƙa wa Saint-Georges ragama yana ɗan shekara 27. A lokacin shugaban makaɗa ba sanda yake kaɗawa ba kamar yau. Da gogensa a hannu yake jan su, suna bin motsin bakansa. Cikin 'yan shekaru ƙungiyar ta shiga sahun mafi inganci a Turai.

Kujerar da aka hana shi

A 1776 gidan opera na Paris, inda ake wasan kwaikwayo cikin waƙa da rawa, ya shiga matsalar kuɗi da ta shugabanci. Shi ne gidan kiɗa mafi daraja a ƙasar, kuma a ƙarƙashin sarki yake. Aka gabatar da sunan Saint-Georges, ganin yadda ya gyara tasa ƙungiyar.

Sai wasu fitattun mata uku na gidan, mawaƙa Sophie Arnould da Rosalie Levasseur da 'yar rawa Marie-Madeleine Guimard, suka kai takardar koke ga Sarauniya Marie Antoinette. Ba su ce bai iya aikin ba. Hujjarsu ita ce mutuncinsu ba zai bar su su karɓi umarni daga ruwa-biyu ba.

Saint-Georges ya janye sunansa don kada ya jefa sarauniyar cikin abin kunya. Sarki Louis na 16 ya miƙa gidan ga jami'in fadarsa mai kula da bukukuwa.

Zamanin kansa ƙara tsanani yake yi. A 1777 aka yi dokar hana baƙaƙen fata shiga Faransa, a 1778 kuma aka haramta aure tsakaninsu da fararen fata a ƙasar. Mutumin da manyan gidajen Paris ke rububin gayyata bai taɓa yin aure ba. Da mahaifinsa ya rasu a 1774, dukiyar ta tafi ga 'yar matar aure, shi kuma ya tsira da kuɗin shekara-shekara da uban ya yanka masa tun yana raye.

Bai ajiye goge ba. Ya rubuta konceto na goge fiye da 12, da simfoni biyu, da wasannin opera da dama. Na farkonsu, Ernestine, ya faɗi a daren farko a 1777. Wanda ya yi a 1780, L'Amant anonyme, shi ne ya iso wannan zamani cikakke.

Shi da Haydn

A 1781 ƙungiyar Concert des Amateurs ta rushe saboda masu ɗaukar nauyinta sun yi asara a lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka. Ba a daɗe ba aka kafa wata, Concert de la Loge Olympique, kuma shi aka ba jagoranci. Masu goge kaɗai sun kai 40, suna fitowa da riguna shuɗɗa da takubba a ƙugu.

Wannan ƙungiya ce ta nemi Joseph Haydn na Ostiriya, wanda ya fi kowa suna a fagen a lokacin, ya rubuta mata simfoni shida. Su ne ake kira simfonin Paris, masu lamba 82 zuwa 87, kuma har yau ana kaɗa su a duniya. Saint-Georges ne ya jagoranci kaɗa su karon farko a 1787. Ɗaya daga ciki, mai lamba 85, an yi masa laƙabi da Sarauniya saboda yadda Marie Antoinette ke son sa.

A wannan shekarar ce kuma ya je Landan, ya yi wasan takobi a gaban Yarima mai jiran gadon sarautar Ingila. Hotonsa da aka fi sani, wanda Mather Brown ya zana yana riƙe da takobi, na wannan tafiyar ne.

Juyin juya hali da kurkuku

A 1789 talakawan Faransa suka tashi, suna kiran 'yanci da daidaito. Ga mutumin da aka hana kujera saboda launinsa, wannan kira ba ƙarami ba ne. Duk da kusancinsa da fada, ya bi masu juyin juya hali, ya shiga rundunar tsaron ƙasa a birnin Lille.

A Satumbar 1792 aka kafa wata rundunar mahaya ta baƙaƙen fata da ruwa-biyu, aka naɗa shi kanar a kanta, har ta zama ana kiranta da sunansa. Cikin manyan hafsoshinsa akwai Thomas-Alexandre Dumas, shi ma ɗan baiwa, wanda ya haifi shahararren marubucin nan Alexandre Dumas.

A Afrilun 1793 babban kwamandan Faransa, Janar Dumouriez, ya ci amana, ya haɗa kai da Ostiriya. Saint-Georges na cikin waɗanda suka hana mutanensa karɓe Lille.

Sakayyar da ya samu ita ce ɗauri. A shekarar an fille kan sarki da sarauniya, kuma duk wanda ya taɓa shiga fada abin zargi ne. A ƙarshen 1793 aka kama shi, ya yi kusan shekara guda a tsare ba tare da an same shi da laifi ba. Da aka sake shi ya yi ta neman a mayar masa da rundunarsa, aka ƙi. Masu sarauta sun hana shi gidan opera, masu kiran daidaito kuma sun raba shi da sojojinsa.

Yana tsare ne aka soke bauta a yankunan Faransa, ranar 4 ga Fabrairun 1794. Nanon ta ga wannan rana kafin ta rasu a Paris a ƙarshen 1795.

Ƙarshensa

Ya koma ga goge. A 1797 yana jagorantar wata sabuwar ƙungiya a Paris mai suna Cercle de l'Harmonie, kuma jama'a na zuwa saurarensa. Amma dukiya ta ƙare, lafiya ta ja baya. Ciwon mafitsara ya kwantar da shi, wani tsohon abokinsa na soja, Nicolas Duhamel, ya ɗauke shi ya yi jinyarsa. Ya mutu a watan Yunin 1799 yana da shekara 53.

Bayan shekara uku, a 1802, Napoleon ya dawo da bauta. Aka tura Janar Richepance zuwa Guadeloupe, tsibirin da aka haife shi, ya murƙushe masu turjiya da ƙarfin bindiga. Sai a 1848 Faransa ta soke bauta baki ɗaya.

A fagen kiɗa ma zamani ya juya. Beethoven ya fitar da nasa konceton goge a 1806, na Mendelssohn ya biyo a 1845, na Brahms a 1879. Waɗannan suka mamaye tarukan kiɗa. Ayyukan Mozart da Haydn sun ci gaba da rayuwa a gefensu, amma na Saint-Georges suka kwanta a ɗakunan ajiya kusan shekara 200.

Dawowar sunansa

Daga shekarun 1970 aka fara zaƙulo kiɗansa ana naɗa a faifai. A farkon shekarun 2000 hukumomin Paris suka cire sunan Richepance daga wani titi a tsakiyar birnin, suka maye gurbinsa da na Saint-Georges. A 2023 aka saki fim ɗin Chevalier a gidajen sinima, wanda ya ƙara yaɗa labarinsa, kodayake an yi masa ƙarin gishiri irin na 'yan fim.

A Birtaniya, ƙungiyar makaɗa ta Chineke!, wadda Chi-chi Nwanoku, 'yar wani ɗan Najeriya, ta kafa a 2015 domin buɗe wa baƙaƙen fata ƙofa a wannan fage, tana cikin masu kaɗa ayyukansa.

Har yanzu wasu na kiransa Baƙin Mozart, suna ganin yabo ne. Masana da dama ba sa son wannan laƙabi. Saint-Georges ya girmi Mozart da shekara 10, kuma lokacin da Mozart ya zo Paris a 1778 yana neman aiki bai samu abin da yake so ba, shi yana jagorantar ƙungiyar makaɗan da birnin ke alfahari da ita.