Tunawa da Malam Aliyu Namangi



Cikin dattawanmu na Garagumsa, wane ne bai taɓa jin makafi suna rera Imfiraji ran kasuwa ba? Mai waƙar shi ne Malam Aliyu Namangi, mutumin Zariya. An haife shi a 1894, ya makance tun yana ƙarami. Rashin ido bai hana shi neman ilmi ba, da kunne ya ɗauki karatu a gaban malamai. Waƙoƙinsa yabon Annabi ne, da wa'azi kan mutuwa da ruɗin duniya. An buga su da boko a Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a 1990.

Mu da muka yi lakwal mun haddace tatsuniyoyin La Fontaine, amma baiti nawa na Imfiraji muka riƙe? Masu ita a ka suna ƙarewa. Duk wanda ya zo gida da damina, ya zauna gaban tsofaffi, ya rubuta abin da ya ji, ya kawo wa ƙungiya.

Allah ya jiƙan Malam, amin.