Herman Hollerith: Mutumin da ya mayar da kowane ɗan ƙasa kati mai huji

Duk lokacin da aka zo ba da tarihin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, akasari masana lissafi ake ambata, a manta da waɗanda suka warware matsalar da ta fi shafar ma'aikacin ofis, wato inda za a ajiye bayani, da yadda na'ura za ta karanta shi ba tare da idon mutum ba. Saboda haka a yau na ga ya dace in gabatar wa mai karatu Herman Hollerith, Ba'amurken da a ganina katinsa ne kakan faifan ajiya na cikin kwamfuta da ɗan filash ɗin da muke ratayawa a jikin makulli.

An haife shi ranar 29 ga Fabrairu, 1860, a garin Buffalo na jihar Niyok, iyayensa kuwa baƙi ne da suka yi ƙaura daga Jamus. Ya kammala karatun injiniyan haƙar ma'adinai a Kolombiya a 1879 yana ɗan shekara 19, amma maimakon ya nufi ramin haƙa, sai ya bi wani malaminsa zuwa aikin ƙidayar jama'a ta 1880. Tsarin mulkin Amurka ya wajabta ƙidaya duk bayan shekara 10, domin da ita ake raba kujerun majalisar wakilai tsakanin jihohi. To amma akawuna da alƙalami suke tattara alƙaluman, har aikin na 1880 ya ci fiye da shekara 7, ga jama'a kuma sai ƙaruwa suke yi. Wani likita a ofishin, John Shaw Billings, shi ya fara jefa masa tunanin cewa wannan wahala aikin na'ura ce.

Da farko ya gwada dogon zaren takarda mai huji, sai ya tarar ba a iya zare bayanin mutum guda daga ciki, balle a ware wasu daga wasu. Dabarar ta zo masa ne daga masu duba tikiti a jirgin ƙasa, waɗanda kan huda gefen tikiti don nuna kamannin fasinja, ko dogo ne ko gajere, ko mace ko namiji, gudun kada wani ya sake hawa da shi. Daga nan ya tsai da shawara kowane mutum a ba shi kati nasa shi kaɗai, mai girman takardar dala ta wancan zamani, kowane gurbi a jikinsa da ma'anarsa: shekaru, jinsi, aure, sana'a, wurin haihuwa.

Yadda na'urar ke karanta katin abin sha'awa ne ƙwarai. Ma'aikaci zai ɗora kati a kan wasu ƙananan kofuna masu zaiba, ya danno wani murfi mai allurai. Inda babu huji takarda ta tare allura. Inda akwai huji kuwa allura ta wuce ta taɓa zaiba, lantarki ya zagaya, hannun ɗaya daga cikin fuskoki 40 masu kama da agogo ya matsa gaba da ɗaya. A gefe kuma akwai akwati mai ɗakuna, wanda murfin ɗakin da ya dace kan buɗe da kansa a jefa katin. Ke nan ga ma'ajiya, ga abin shigar da bayani, ga abin fitar da shi, tun ba a san kwamfuta ba.

Ya sami takardar mallakar ƙirƙira a Janairun 1889, ya kuma kada abokan takara biyu a gwajin da hukumar ƙidaya ta shirya. Kafin shekarar 1890 ta ƙare an sanar da jimillar mutum 62,622,250. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka an yi arha, don kuɗin da aka kashe ya zarce na 1880 nesa ba kusa ba, tunda da jami'ai suka ga na'ura ba ta gajiya sai suka yi ta ƙara mata tambayoyi. Ostiriya da Kanada sun ɗauki tsarin, haka ma Rasha a ƙidayarta ta 1897.

A 1896 ya kafa kamfaninsa, kuma ba ya sayar da na'ura, haya yake bayarwa, sannan a sayi kati a hannunsa. Duk wanda ya taɓa sayen firinta da araha ya koma yana kuka da kuɗin tawada ya san wannan ciniki. Mutum ne mai taurin kai a kan farashi, abin da ya raba shi da hukumar ƙidaya a 1905, ta koma ta sa aka ƙera mata nata na'urorin. A 1911 ya sayar da kamfanin aka haɗe shi da wasu, haɗakar da ta koma IBM a 1924. Shi kuwa ya karkata ga gonarsa da kiwon shanu, har ya rasu a birnin Washintan ranar 17 ga Nuwamba, 1929.

Katin ya daɗe bayan mai shi. Samfurin IBM na 1928 yana ɗaukar harafi 80, kuma faifan ajiya na farko da kamfanin ya fitar a 1956, mai faya-fayai 50 da nauyin kusan tan guda, harafi miliyan 5 yake ɗauka, daidai da kati 62,500.

Amma akwai ɗaya gadon da ba na jin ya kamata a tsallake. Reshen IBM na Jamus, Dehomag, wanda sunan Hollerith ke cikin cikakken sunansa, ya yi wa gwamnatin Hitila aiki a ƙidayar 1933 da ta 1939, inda a ta biyun aka tambayi mutane ko akwai Bayahude cikin kakanninsu. Daga baya har a sansanonin gwale-gwale an yi amfani da irin waɗannan katunan wajen lissafin fursunoni. Ba na ɗora wa Hollerith alhakin abin da aka fara shekara 4 bayan mutuwarsa. Sai dai akwatin nan mai ɗakuna, da ya ware manoma daga maƙera, bai san bambanci ba idan aka ce ya ware wata al'umma daga sauran. Mai tsara gurbin katin shi ke da ta cewa.

Mu da muka ga yadda aka soke ƙidayar 1962 da ta 1973 a Nijeriya ba baƙi ba ne ga wannan batu. A ƙidayar 2006 gwamnati ta cire tambayar addini da ta ƙabila daga takardar, mutane da dama suka yi ta ƙorafi, ni kuwa ina cikin masu ganin an yi daidai, domin abin da ba a huda ba babu na'urar da za ta ware mutane da shi. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023, wadda aka ce da ƙananan kwamfutocin hannu za a gudanar da ita, an ɗage ta ana saura kwanaki kaɗan a fara.