Abubakar Al-Razi, likitan da ya raba majinyata kashi biyu

An haifi Abubakar Muhammad ɗan Zakariyya Al-Razi a wajajen shekarar 865 Miladiyya a birnin Rayy, kusa da Tehran ta ƙasar Iran a yau. Ba shi ne Fakhruddin Al-Razi mai tafsiri ba, wanda almajirai suka fi sani a ƙasar Hausa; wannan ya zo bayansa da kusan ƙarni uku.

Al-Razi ya fara da kiɗa da ilimin haɗa sinadarai kafin ya koma ga likitanci. Ya shugabanci asibitin Rayy, daga baya kuma aka ba shi ragamar asibiti a Bagadaza. Ibn Nadim ya ruwaito cewa ɗalibansa kan zauna sahu-sahu, idan maras lafiya ya zo sai ƙananan su fara duba shi, in abin ya gagare su a miƙa shi gaba, har ya kai ga malamin. Ya kuma shaide shi da tausayin talakawa.

Shi ne ya rubuta littafin da ya bambanta agana da ƙyanda dalla-dalla. Ya kuma rubuta wani inda ya jero wuraren da yake shakkar maganar Jalinus, babban likitan Girka wanda a lokacin ba kowa ke iya ja da shi ba.

Amma abin da masu binciken magunguna suka fi tunawa da shi wani ɗan gajeren bayani ne a cikin littafinsa Al-Hawi. Ya ga wasu majinyata da alamun ciwon da ake kira sarsam, wanda masana tarihin likitanci ke fassarawa da sanƙarau. Sai ya tsaga wa kashi ɗaya jijiya ya fitar musu da jini, ya bar ɗaya kashin da gangan ba tare da yi musu haka ba, domin ya tabbatar ko ra'ayinsa daidai ne. Ya rubuta cewa waɗanda aka fitar wa jini sun tsira, sauran kuwa ciwon ya kama su.

Likitocin yau ba su yarda fitar da jini na maganin sanƙarau ba. Dabarar kwatanta kashi biyu ce ta rayu, kuma a kanta ake gwajin sababbin magunguna har yanzu. Sai dai bayanin nasa bai ce komai ba game da ko mutanen da ya bari sun san abin da ake yi da su. A zamaninsa ba a ɗora wa likita wannan tambaya ba. A 1947, bayan shari'ar likitocin 'yan Nazi a Nuremberg ta Jamus, aka rubuta ƙa'idar da ta sa yardar mutum ta zama sharaɗi na farko kafin a yi gwaji a jikinsa.

Mutanen arewacin Najeriya sun san nauyin wannan sharaɗi. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwaji a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, inda aka bai wa kusan rabinsu sabon maganin Trovan, sauran kuma ceftriaxone. Yara 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ba ne, kamfanin kuma ya ce ya nemi izininsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. A 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba. Tun kafin nan rashin yardar da lamarin ya haifar ya shiga cikin dalilan da ake kawowa lokacin da jihohi irin su Kano da Zamfara suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003.

Shi kansa Al-Razi ya damu ƙwarai da amanar da ke tsakanin likita da majinyaci. A wasiƙar da ya rubuta wa wani ɗalibinsa kan halayen likita, ya hore shi da rufe asirin maras lafiya, da kame ido wajen duba mata, da kula da talaka kamar yadda zai kula da mai hali. Ya rubuta littafin magunguna masu sauƙin samu domin wanda ba shi da likita a kusa. Ya kuma yi rubutu kan dalilin da ya sa jama'a ke barin ƙwararru su bi 'yan damfara, tare da bayyana cewa akwai cututtukan da ko gwanin likita ba ya iya warkar da su.

Ra'ayoyinsa na falsafa sun jawo masa suka mai zafi daga wasu malaman zamaninsa, ciki har da ɗan garinsu Abu Hatim Al-Razi.

A ƙarshen rayuwarsa ya makance, ya rasu a Rayy a wajajen 925. Ɗalibansa ne suka tattara takardun da ya bari suka haɗa Al-Hawi, wanda aka fassara zuwa harshen Latin a 1279, aka kuma yi ƙarnoni ana amfani da shi a Turai.