Temistokilis: Azurfar Lawuriyon da Jiragen Salamis

An haifi Temistokilis ɗan Niyokilis a wajajen shekara ta 524 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a ƙasar Atika wadda birnin Atina ke shugabanta a Girka. Gidansu ba ya cikin manyan gidajen da suka gaji riƙon gari, mahaifiyarsa ma, a ruwayar magabata, baƙuwa ce. Amma ya yi sa'ar zamani, domin yana matashi aka kafa tsarin da ya miƙa wa taron 'yan gari ikon yanke shawara. A irin wannan taro, wanda bai gaji asali ba yana iya cin gajiyar harshensa. Ya zama babban jami'in gari a shekara ta 493, ya kuma soma gina tashar jiragen ruwa ta Firayus.

Bayan Atinawa sun fatattaki rundunar Farisa a Maratun a shekara ta 490, da yawa sun ɗauka wuta ta mutu. Shi kuwa ya ga sauran rina a kaba. A shekara ta 483 aka tarar da azurfa mai yawa a ma'adinan Lawuriyon, aka kawo shawarar a raba wa kowane ɗan gari dirakma 10. Temistokilis ya tashi ya nemi a ƙera jiragen yaƙi da kuɗin. Bai kafa hujja da Farisa ba, don ya san mutane ba su cika tsoron abin da ke nesa ba; sai ya nuna musu tsibirin Ejina, maƙwabcin da suke gaba da shi. Masanin tarihi Hirodotus ya ce jirage 200 aka amince a ƙera, wasu marubutan suka ce 100. Ko wanne ne daidai, raba talaka da kuɗin da ya riga ya sa wa rai ba ƙaramin aiki ba ne.

Nan ne tasirinsa ya fi zurfi. Kowane jirgi yana buƙatar matuƙa 170 masu jan filafili, jere a hawa uku. A da, mai halin sayen garkuwa da sulke shi ne mai kare gari, shi ne kuma mai faɗa a ji. Yanzu tsaron Atina ya koma hannun talakan da bai mallaki komai ba sai ƙarfin damtsensa, wanda kuwa ya ceci gari ba a hana shi magana a taro.

A shekara ta 480 Sarki Zaksis na Farisa ya taso da gagarumar runduna, ya ratsa ta kan Liyonidas na Sifarta a mashigar Tamofili. Matsafar Delfi ta yi wa Atinawa ishara da wata katanga ta katako. Temistokilis ya fassara ta da jirage, ya shawo kan jama'a suka bar birnin, aka kwashe mata da yara zuwa Tirozin da Ejina da Salamis. Farisawa suka shiga suka ƙone wuraren bautar da ke kan dutsen Akirofolis. Da ya ga kawayen Atina na shirin janyewa kudu, sai ya aiki bawansa Sikinus ga Zaksis a asirce, cewa Girkawa na shirin gudu. Sarkin ya haɗiyi ƙugiya, ya cusa jiragensa cikin matsatsin ruwan da ke tsakanin tsibirin Salamis da gaɓar Atika, inda yawansu ya zame musu cikas, suka riƙa karo da juna har aka ci su.

Fagen wasan kwaikwayo ma ya shaida wannan zamani. Temistokilis ya ɗauki nauyin wasan Firinikus da ya yi nasara a shekara ta 476, sannan a 472 Eskilus ya gabatar da wasansa na Farisawa, wanda ya ba da labarin Salamis ta bakin waɗanda aka ci.

Dabarar da ya yi wa abokan gaba ita ya yi wa kawaye. Da Sifartawa suka nuna ba su son a sake tayar da ganuwar Atina, ya tafi can a matsayin jakada, yana jan lokaci har ginin ya yi tsawon da za a iya kare shi. Ba su yafe masa ba. A gida kuma yawan tuna wa mutane alherinsa ya gundure su, ga zargin son kuɗi. Atinawa na da al'adar rubuta sunan wanda suke tsoron ƙarfinsa a kan tsingaro, wanda sunansa ya fi yawa ya bar gari shekara 10. A wajajen 471 ƙuri'ar ta faɗa kansa. Masu tonon kayan tarihi sun gano tsingaro kimanin 190 masu sunansa a wata rijiya a gefen Akirofolis, aka lura cewa hannu 14 kacal suka rubuta su. Da alama an tanade su ne don a rarraba wa masu zaɓe.

Yana zaune a Argos Sifartawa suka zarge shi da haɗa baki da Farisa, Atina ta aika a kamo shi. Ya tsere ta Kokira da ƙasar Molosiyawa har ya ƙetara Asiya, ya nemi mafaka wurin Atazaksis, ɗan sarkin da ya kunyata. Ya shekara yana koyon Farisanci kafin ya bayyana a fada. Sarkin ya ba shi garuruwan Maganisiya da Lamsakus da Miyus su zama abin cinsa. A Maganisiya ya mutu a wajajen 459, yana da shekara kusan 65. Wasu sun ce guba ya sha don kada a tura shi yaƙar ƙasarsa, amma Tusididis, wanda ya fi su tantance labari, ya ce ciwo ne. Doka ta hana a binne wanda aka yanke wa hukuncin cin amana a Atika, sai dai danginsa sun ce sun kawo ƙasusuwansa gida a ɓoye, kamar yadda ya bar wasiyya.