Edward Thring: Shugaban makarantar da ya kwashe ɗalibansa kaf zuwa bakin teku saboda taifot

A farkon watan Afrilun 1876, mutanen Borth, wani ƙauye da ke bakin teku a yankin Wales na Birtaniya, sun yi baƙin da ba su taɓa yin irinsu ba. Yara maza kusan 300 ne suka sauka daga jirgin ƙasa da akwatunansu. Kafin zuwansu, jirgin kaya ya riga ya sauke gadaje da tebura da littattafai, har da abin daddaɓe filin wasan kurket.

Makaranta ce sukutum ta yi ƙaura, da malamanta da iyalansu da masu aikinta. Ta baro garin Uppingham da ke tsakiyar Ingila, tafiyar kusan mil 200.

Wanda ya yanke wannan shawara shi ne shugaban makarantar, Edward Thring. Ya yanke ta ne ba da son ran akasarin amintattun makarantar ba, kuma da bashi a wuyansa.

Abin da ya gani yana yaro

An haifi Thring ranar 29 ga Nuwamban 1821 a ƙauyen Alford da ke yankin Somerset. Mahaifinsa limamin coci ne mai filaye, wanda aka sani da tsanani.

Ya yi karatu a Eton, makarantar da ta fi kowace suna a Ingila. Sai dai a wancan zamani sunan ya fi abin da ke ciki kyau. Ɗaliban da ke karatu da tallafi, waɗanda Thring ke cikinsu, a wani dogon ɗaki guda suke kwana. Da dare ya yi sai a kulle su, babu wani babba a tare da su har gari ya waye. Mai ƙarfi shi ne sarki, ƙananan kuma su ne bayi.

Daga nan ya wuce Kwalejin King's a Jami'ar Cambridge, aka naɗa shi malamin coci a 1846, sannan aka tura shi birnin Gloucester. A can ya riƙa koyar da 'ya'yan talakawa a makarantar unguwa, yaran da da yawansu ba su san ko baƙi ba. Daga baya ya sha bayyana cewa a nan ya koyi koyarwa, domin idan yaro bai gane ba, ya fi ɗora laifin a kan malami.

Waɗannan wurare biyu, ɗakin kwanan Eton da ajin Gloucester, su ne suka haifi kusan duk abin da ya yi daga baya.

Makarantar da ba kowa ke so ba

A 1853 aka ba shi shugabancin makarantar Uppingham, a Rutland, gundumar da ta fi kowace ƙanƙanta a Ingila. Wani babban limamin coci mai suna Robert Johnson ne ya kafa ta a 1584, ya bar mata dukiyar da za a riƙa tafiyar da ita. Ba ta gwamnati ba ce. Amintattu ne ke riƙe da ita, mafi yawansu masu filaye da limaman yankin, iyaye kuma na biyan kuɗin makaranta.

Thring ya tarar da 'yan kwana 25 kacal da tsofaffin gine-gine. A shekarar ce kuma ya auri Marie Koch, wata Bajamushiya daga birnin Bonn.

Manufarsa ba ta da wuyar faɗi. Makarantun zamaninsa sun fi damuwa da 'yan tsirarun haziƙai da za su ciyo musu suna a jami'a, saura kuwa ko oho. Shi kuma ya ce kowane yaro, ko da shi ne na ƙarshe a aji, yana da haƙƙin a san shi, a kula da shi, a kuma nemo abin da ya iya.

Shugabannin makarantu da yawa sun faɗi irin wannan magana. Abin da ya bambanta Thring shi ne ya mayar da ita lissafi da gini. Ya ƙayyade cewa gidan kwana ba zai wuce yara 30 ba, ƙarƙashin malami guda da iyalinsa. Aji ba zai cika maƙil ba. Kowane yaro zai samu ɗan ɗakin karatu nasa da keɓantaccen wurin kwana. A ganinsa, wa'azi ba ya gyara yaron da aka cusa cikin taro ba mai lura da shi, kuma ginin makaranta da tsarinta suna yin tarbiyyar da baki ba zai iya ba.

Don yaron da Latin da Girkanci suka gagara ya samu inda zai yi fice, ya buɗe ɗakin motsa jiki a 1859, wanda ake ɗauka shi ne na farko a irin waɗannan makarantu a Ingila. Ya kawo aikin kafinta da lambu. A 1865 ya ɗauko Paul David daga Jamus ya koyar da kiɗa, a lokacin da manyan makarantu ke ganin kiɗa ba aikin ɗan babban gida ba ne.

Duk wannan kuɗi yake ci, amintattu kuwa ba su ga dalilin da zai sa ƙaramar makarantar karkara ta ɗauko wa kanta wannan kaya ba. Sai Thring ya bi wata hanya mai haɗari. Ya ci bashi da sunansa, ya kuma shawo kan malamansa su gina gidajen kwana da kuɗin aljihunsu, su riƙa mayarwa daga abin da iyaye ke biya. Da haka makarantar ta tashi, amma rayuwar kowane malami ta rataya a kan yawan ɗalibai.

Da ɗalibai suka kai wajen 300, sai ya ja layi. Ya ce idan suka wuce haka, ba zai iya sanin kowane yaro ba. Ga iyaye na neman gurbi, ga bashi na jiransa, ga malaman da kowane ƙarin yaro riba ce a gare su, amma ya ƙi. Wannan ya jawo masa rigima da malamansa ba sau ɗaya ba.

Shi ma dai ba mai sauƙin hali ba ne. Mutum ne mai zafi, mai ganin duk wanda ya saɓa masa kamar ya saɓa wa gaskiya. Yana bulala, har ma maganar ta taɓa shiga jaridu bayan ya hukunta wasu yara da suka makara dawowa makaranta.

Taron da ya zama ƙungiya

A 1869 majalisar dokoki ta yi dokar da ta ba wata hukuma ikon sake tsarin makarantun da ke tafiya da dukiyar gado irin Uppingham. Manyan makarantu kamar Eton da Harrow an riga an yi musu tasu dokar daban a 1868. Thring ya ji tsoron a wargaza abin da ya gina.

Shugaban makarantar King's da ke Canterbury, John Mitchinson, ya tara takwarorinsa don su tattauna. Thring kuma ya kawo shawarar a riƙa haɗuwa duk shekara, ya gayyace su Uppingham a watan Disamba. Ya aika wa mutum fiye da 60 takarda, waɗanda suka zo ba su kai 15 ba. Wannan ɗan taro shi ne asalin ƙungiyar shugabannin makarantu masu zaman kansu ta Birtaniya, wadda har yau take nan da ɗaruruwan makarantu.

Taifot

Bunƙasar makarantar ta zo da matsalar da babu wanda ya yi mata tanadi. Garin Uppingham ƙarami ne. Mutane na shan ruwan rijiya, kuma a gidaje da yawa rijiyar na kusa da ramin masai. Magudanun ƙazanta ba su isa ba, waɗanda ake da su ma ba a wanke su yadda ya kamata. A kan wannan aka ƙara ɗaruruwan yara da manyan gidajen kwana.

A tsakiyar 1875 wani yaro ya mutu da zazzaɓin taifot. Da aka dawo hutu a kaka sai cutar ta barke sosai, yara da dama suka kwanta, aka sake yin rashi. A watan Nuwamba aka sallami ɗalibai.

A lokacin ba a gano ƙwayar cutar ba tukuna, sai a 1880. Wani likita, William Budd, ya riga ya nuna a littafinsa na 1873 cewa ta gurɓataccen ruwa take yaɗuwa, amma mutane da yawa na ganin wari da mugun iska ne ke kawo ta. Inda ba a san tushen cuta ba, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Haka aka yi. Hukumar tsafta ta yankin, wadda wata dokar 1872 ta ɗora wa alhakin ruwa da magudanai, ta ce laifin gidajen makarantar ne. Babban jami'in lafiya na yankin, Dakta Alfred Haviland, ya rubuta rahoto mai zafi a kan makarantar. Thring ya ce gari ne ya ruɓe. Gaskiyar magana, kowane ɓangare na da nasa kason. Wasu gidajen malamai na da masai marasa kyau, kuma Thring ya yi jinkirin sallamar yara saboda tsoron kada cutar ta bi su gida, da kuma tsoron kada makarantar ta watse.

Malamai sun gyara gidajensu. Gyaran gari kuwa yana nufin ƙarin haraji, kuma masu filaye da 'yan kasuwar da ke cikin hukumar ba su ga dalilin biyan kuɗi saboda 'ya'yan masu hali da suka zo daga wasu garuruwa ba.

A watan Janairun 1876 aka sake buɗe makaranta. Cikin 'yan makonni cutar ta dawo. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu.

A nan zaɓi ya rage wa Thring kaɗan. In ya zauna, yara za su ci gaba da mutuwa. In ya rufe ya jira gyara, iyaye za su kai 'ya'yansu wasu makarantu, malaman da suka zuba dukiyarsu a gini su tsiyace, aikin shekara 23 ya tafi a banza. Sai ya ɗauki ta uku, wadda wani daga cikin malamansa ya fara ambata: a tashi gaba ɗaya.

Akasarin amintattu sun ƙi. A wurinsu makarantar ta garin Uppingham ce, haka wanda ya kafa ta ya nufa, kuma ba za su ɗauki nauyin kuɗin ƙaura ba. 'Yan ƙalilan ne suka tsaya masa. Thring da malamansa suka ɗauki nauyin da kansu.

Shekara guda a Borth

Cikin 'yan kwanaki ya zagaya gaɓar tekun Wales yana neman wuri. A Borth, arewa da garin Aberystwyth, ya samu wani babban otal mai suna Cambrian da aka gina bayan zuwan layin dogo, wanda bai samu baƙin da aka yi zato ba. Ya kama hayarsa, ya kama ɗakuna a gidajen mutanen ƙauyen, aka kafa babban zauren katako don taro da karatu. Duk wannan cikin kimanin makonni uku.

Abin da bai sani ba shi ne ko iyaye za su turo 'ya'yansu wani lungu da ba su taɓa jin sunansa ba, inda mafi yawan mutane harshen Welsh suke yi. Ranar 4 ga Afrilu aka buɗe, kuma kusan duka suka zo.

Ba abin mamaki ba ne ƙwarai. Iyayen sun san malamin da ke riƙe da ɗansu, malamin ya san yaron, kuma wannan tsarin na gida-gida shi ne abin da aka ɗauko aka dasa a Borth. Da makarantar taron yara ce ƙarƙashin baƙin fuskoki, da wuya a ga abin da za a ɗauka a jirgin ƙasa.

Rayuwar ba ta yi daɗi ba. Wuri ya yi ƙunci, iskar teku da sanyin hunturu sun gallabe su, kuɗi na ta zurarewa. Amma taifot bai bi su ba, alhali a Uppingham an ci gaba da samun masu kamuwa. Wannan ya raunana hujjar masu cewa makarantar ce kaɗai tushen cutar.

Da farko zango ɗaya aka yi niyya. Da Thring ya ga gyara bai kankama ba, sai ya ƙi komawa, duk da amintattu sun nemi ya koma. A can gida kuwa masu shaguna da mahauta da teloli da masu wanki sun gane yawan cinikin da makarantar ke kawo musu. Su ne suka juya kan hukumar tsafta suna matsa mata. Aka yi aikin magudanai, aka samar da sabon ruwan sha.

A 1877, bayan shekara guda cur, makarantar ta koma, garin ya tarbe ta da ado da murna.

Shekarun ƙarshe

Ƙaurar ta ƙara masa bashi, kuma tsakaninsa da wasu amintattu bai sake gyaruwa ba. Sai dai sunansa ya fita. Littafinsa kan dabarun koyarwa da ya fito a 1883 ya samu masu karatu har a Amurka da Kanada. Makarantarsa ce kuma ta fara buɗe cibiyar taimakon talakawa a gabashin Landan, tun 1869, wasu suka bi sahu.

A watan Yunin 1887 ya karɓi baƙuncin taron shugabannin makarantun mata a Uppingham, a lokacin da yawancin takwarorinsa maza ba su ɗauki karatun 'ya mace da muhimmanci ba.

Bayan wata huɗu rashin lafiya ta kama shi yana tsakiyar jagorantar ibada a cocin makarantar. Ya mutu ranar 22 ga Oktoban 1887 yana da shekara 65, bayan shekara 34 yana shugabanci, aka binne shi a garin.

Makarantar Uppingham na nan har yau, ta ninka adadin da ya ƙayyade fiye da sau biyu, kuma tana ɗaukar mata. A Borth kuma, filin da ƙungiyar ƙwallon ƙafar ƙauyen ke wasa a kai sunansa Uppingham.